Sati da Motar da ke Mutuwa a Kwangila

Sati mutumin Zonkwa ne. Ya taso a gona, ya yi tuƙin tarakta a Shika, sai a 2003 ya zama direban Madam Mojisola, mai shagon atamfa a kasuwar Sabon Garin Zariya. Gidanta yana Samaru. Mutum ne mai tattali, ko ashana ya ƙyasta sai ya duba ko akwai wata fitilar da za a kunna.

Shekarar da aka yi wahalar mai, ɗan Madam ya aiko mata da doguwar mota baƙa 'yar Kwatano, mai kujerun fata, injinta kamar numfashin jariri. Wata biyu tana tafiya lafiya, sai ta tsiro da wani hali: kullum suka taso daga Samaru, da sun kusa Kwangila sai ta fara shessheƙa, ta mutu. In tankin a cike yake ma ta fi saurin mutuwa.

'Yan acaɓan wurin har sun saba. "Baba direba, yau ma an iso masauki?"

Okechukwu, makanikin Madam, ya canza fulogi, ya canza famfon mai, ya wanke tanki. In aka kira shi bakin titi, yakan buɗe murfin tanki ya sansana man, ya ce a tayar. Sai ta tashi. Shi kansa bai san dalili ba, sai ya daki ƙirji: "Madam, motar nan ta san hannuna."

Madam dai ta fara zargi. Wata Litinin ta ce, "Sati, ka gaya mini gaskiya, man bumburutu kake zuba mini mai haɗin kananzir?"

"Haba Mama! Ni?"

"To jiya a coci an ce mini haka direbobi suke yi. In ta sake mutuwa a makon nan, ka ajiye mini makulli."

Ranar Laraba motar ta sake mutuwa. Sati ya fito, ga Okechukwu ya je Kano sayen kayan gyara. Sai ya ce bari ya gwada abin da ya ga ana yi. Ya murɗa murfin. Wannan karon babu mai surutu kusa da shi, sai ya ji: fuuuu! Tankin ya zuƙi iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Madam ta leƙo ta taga. "Me ke huci haka?"

"Mama, tankin ne."

Ta fito. Ta ga murfin an naɗe shi da leda ninki-ninki, an ɗaure da robar taya.

"Wannan kuma wa ya yi?"

"Ni ne, Mama. Zafin Zariya yana shan mai. A gida haka muke toshe galan ɗin kananzir. Akwai ma wani ɗan siririn tiyo a ƙasa da nake jin warin mai ta wurinsa, shi ma na cusa masa kara."

"Ka cusa masa me?"

"Karan dawa, Mama. Na feƙe shi daidai."

"Wato ka toshe mata hanci, kana so ta yi gudu?"

Sati ya kwanta ƙarƙashin motar da farar rigarsa, ya zaro karan, ya ɓare ledar. Suka wuce Kwangila, suka shiga Sabon Gari, motar ko tari ba ta yi ba. A ƙofar shago ya miƙa mata makulli da hannu biyu.

Ta ƙi karɓa. "Riƙe abinka. Ɓarawo nake nema, sai na samu mai gadi da ya wuce gona da iri."

Da Okechukwu ya dawo ya ji labari, sai ya ce ai ya ga ledar tun tuni, ya ɗauka Madam ce ta sa, shi ya sa yake mayar da ita yadda ya same ta.

Sati ya tuƙa Madam shekara shida, har ciwon ido ya sa ya koma Zonkwa noman citta.