Ba Lawali Ya Kashe Akuyar Buba Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsin nan ina ba jakina ruwa aka kira ni a salula daga Mayahi. Mai kiran ya ce, "Baba Isuhu, Kashe-Akuya ya rasu."

Na ce mashi ni ban san wani Kashe-Akuya ba. Lawali na sani, ɗan gwaggona, taubashina, wanda muka tashi gari ɗaya gabas da Tasawa.

Ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Ɗiyata Hadiza ke buga abin da nake faɗa, kuma na hana ta gyara mani ko kalma ɗaya. Ku da aka haifa jiya kun taras ana kiran shi da wannan suna, kuna kira kuna dariya, ba ku san mafarinshi ba. Ni na sani.

Bayan fari na farko, soja ba su daɗe da karɓar mulki ba, wani furoje, aikin taimako na Turawa, ya zo ya zuba kifi cikin tabkinmu. Lawali ke ɗaukar wa Baturen furojen kaya. Da zai tafi ya bar mashi wata ƴar jaka cike da tanar roba, wadda ake soka wa ƙugiya maimakon tana ta gaskiya. Taushi gare ta kamar hanjin kaza. Akwai ja, akwai baƙa, akwai koriya guda ɗaya tak mai walƙiya. In ka lasa sai ka ji gishiri.

Mun yi mashi dariya har muka gaji. Na ce, "Taubashi, kifin garinmu bai yi lakwal ba, ba ya cin abincin Nasara."

Ranar ya koma gida da tarwaɗa cike da kwando. Ni na koma da igiyata.

Lawali bai taɓa wuce ƙofar tsohuwar da ba ta da mai nema mata ba tare da ya aje mata kifi ko ɗaya ba. In ta fara godiya sai ya ce, "Inna, kan ne nawa, ki aje mani." Bai taɓa komawa karɓar kan ba.

In kifi ya yaga tanar kaɗan, sai ya ɗora wuƙa a wuta ya liƙe wurin. In ta yage sosai, da shi da mu masu aro a wurinshi, mu duka yar da ita muke yi bakin ruwa. Wa ya san wani abu?

Wata rana na ce ya ara mani koriyar. Ya ce, "Ita ce amaryar, ka riƙe ta da mutunci." Jifa na uku ta maƙale a saiwa. Na fizga da ƙarfi, ta fito a yage gida biyu, ƙugiyar ta lanƙwashe a ciki. Kunya ta kama ni. Na tsinke igiyar, na cusa tanar cikin laka, na taka da ƙafa. Na je na ce mashi wani ƙaton kifi ya tsinke ta.

Ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiyar ciki."

Sai fari na biyu ya zo. Wanda ya gan shi ba ya son a tuna mashi. Tabki ya ƙafe har ƙasa ta tsage, muna haƙar gaiwa cikin busasshiyar laka. Kamiyon soja, manyan motocin nan, na kawo jar dawa, a jera mu cikin rana da ƙwarya. Dabbobi na cin tsumma, suna cin takarda.

Akwai wani Bafulatani, Buba, da ke zaune bayan gari. Shanunshi duk sun faɗi. Akuya ɗaya ta rage mashi, da nononta ake jiƙa wa ƴaƴanshi gari. Ta je lasar laka a tabki, ta dawo ba ta ci ba ta sha. Da aka ga za ta mutu aka yanka ta. Mahauci ya ciro abu daga maƙogwaronta ya ɗaga sama.

Koriya ce, da ƙugiyarta.

Gari duka an san mutum ɗaya ke da tanar roba. Aka tara mu ƙofar maigari. Ina tsaye, kafaɗata na gogar ta Lawali. Buba bai yi faɗa ba. Maigari ya ce, "Lawali, taka ce?"

Ya ce, "Tawa ce, ranka ya daɗe."

Ni ban ce komi ba.

Yana da akuya biyu. Ya kwance mai nonon ya ja ta da kanshi har bukkar Buba. Tun kan hanyar dawowa aka fara kiran shi Kashe-Akuya, sunan ya bi shi kasuwa, ya bi shi masallaci, ya bi ƴaƴanshi.

Da ruwa ya dawo, Lawali bai ƙara yar da ko ɗan guntu ba. Kullum da gwangwanin tumatir rataye a wuyanshi. Kafin ya jefa ƙugiya sai ya zagaye tabki yana tsintar tsoffin da muka watsar. In gwangwani ya cika ya ɗora kan garwashi nesa da gida, don hayaƙin na sa ciwon kai. Ya danna tana mai lafiya cikin ɗanyen yumɓu ta bar siffarta, ya gasa yumɓun, ya shafa man gyaɗa, ya tsiyaya narkakkar robar a ciki. Har daddawa yake barbaɗawa don warin ya jawo kifi. Launukan suka gauraye suka koma kalar kashin awaki, amma tarwaɗa ba ta damu ba. Wadda ta ƙone ta ƙi zama tana, da ita yake toshe wa mata bokitin da ya huje.

Jakar Bature ɗaya, ya yi ta juya ta har gemunshi ya yi fari.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwar Kanambakashe ne, bayan girbi. Ya koma wurin ɗanshi a Mayahi saboda ciwon ƙafa. Na taras da shi zaune gindin icen bedi, ya rame, amma bakin na nan.

Ya ce, "Tsohon banza, ba ka mutu ba?"

Na ce, "Ina jiran ka share mani hanya."

Muka sha hura ƙwarya ɗaya. Can ya ce, "Isuhu, ƙaton kifin nan da ya tsinke amaryata, ashe ƙafa huɗu gare shi?"

Ludayi ya tsaya mani a hannu.

Ya ce, "Tun a hannun mahauci na gane. Duk garin nan kai kaɗai ke ɗaure ƙugiya kamar mai ɗaure jaki."

Na ce, "To mi ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "In na faɗa mi za ka ba Buba? Ko kaza ba ka da ita. Sai dai ka ba shi taurin kanka ya tatsa."

Kun san abin da na ce mashi? Na ce, "Ni dai kifi na sani." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ce a raina in na je Mayahi bayan salla zan faɗa mashi yadda ya kamata.

Ban je ba.

To ga shi yau ina faɗa gaban kowa. Ni Isuhu na cusa tanar nan cikin laka. Ni na tsaya ƙofar maigari na yi shiru. Jikokin Buba, in wannan ya kai gare ku, ku yafe mani. Ƴaƴan Lawali, ubanku bai kashe akuyar kowa ba, tashi ya bayar.

Allah ya jiƙan ka taubashi. Yadda ka rufa mani asiri, Allah ya rufa maka naka, ya shayar da kai daga tabkin da ba ya ƙafewa.

Wanda duk ya karanta ya yi mashi Ƙulhuwallahu, kuma ya kira shi da sunan da ubanshi ya raɗa mashi: Lawali. Wancan sunan, in dole sai an kira wani da shi, ina nan ƙofar gidana, zan amsa.