Ƙarfen da Kawu Ishaya Ya Rataye a Dogonyaro

Shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Ishaya, yayan mahaifiyata, kuma a irin wannan wata na Janairu ya tafi. Duk wanda ya san bakin tashar Illela a wancan lokacin ya san shi, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mai facin tayar nan da ke zama gefen titin da ya miƙe Ƙwanni, hannu duk baƙin mai, kullum yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Mu kuwa a 'yar majami'armu da wani abu daban muka san shi. Shi ne mai buga ƙarfe.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba su saba da mu ba. Mu ba mu da ƙararrawa irin ta manyan majami'u. Abin da muke da shi ƙarfen ƙafar babbar mota ne, wanda taya ke zama a kai. Wata motar albasa ce ta lalace a gabansa, direban ya bar masa ƙarfen, shi kuma ya turo shi a baro ya rataye a dogonyaron ƙofar majami'a. Tun daga nan, kowace safiya ta Allah sai ya buga shi don addu'ar safe. Ba wani dogon abu ba ne: waƙa ɗaya, karatu kaɗan, a gode wa Ubangiji da ya tashe mu, kowa ya kama hanyar nemansa. Wata rana mutum goma, wata rana uku. Ran da ruwan damina ya hana kowa fitowa, shi kaɗai yake yin abarsa.

Amma akwai abin da yake yi wanda sai yanzu na gane nauyinsa. Akwai masallaci a bayan katangarmu. Kawu yakan iso tun ana kiran salla, ya tsaya gindin dogonyaro da guntun ƙarfen bugu a hannu, ba zai taɓa komai ba sai ya ji liman ya yi sallama. In aka tambaye shi sai ya ce, "Mutane na magana da Allah, ni wa da zan shiga bakinsu?"

A shekarar da ya rasu, Kawu ya buga ƙarfensa ran safiyar sabuwar shekara, zazzaɓi ya kwantar da shi da yamma, bai ƙara tashi ba. Bayan an binne shi, matasa muka ce za mu riƙa karɓa-karɓa. Mun yi kuwa, na ɗan lokaci. Sai wannan ya tafi makaranta Sakkwato, wancan ya yi aure, wani ya ce sanyi. Babu ranar da aka zauna aka ce an daina addu'ar safe. Haka kawai ta mutu, kuma ba wanda ya yi mata ko ta'aziyya.

Yanzu fa, ku zo ku ga majami'armu! Ina faɗa da murna, don ina cikin waɗanda suka ɗaga ta. Ni ne mai kaɗa fiyano, kuma ba wanda ya koya mini, a waya na koya, ina kallo ina maimaitawa har yatsuna suka saba. Muna da lasifika, muna da sola. Sujadar shiga sabuwar shekara ta bana ba a taɓa yin irinta ba, har daga Amarawa da Gidan Katta 'yan'uwa suka zo. Taken da muka ɗauka shi ne sabunta ruhu da ɗaukaka Allah kowace rana. Ni na zana shi a allo da hannuna. Kuma kullum ina tura saƙon ƙarfafawa a zaurenmu na waya, mutane na amsawa da "Amin" har ba na iya karance su duka.

Ga inda abin yake ci mini rai. A taron kwamiti na farkon shekara, ni da bakina na ce a sauke tsohon ƙarfen nan a ba 'yan gwangwan, don ya yi tsatsa, yana ɓata mana hoto, kuma wurin ya fi dacewa da allon takenmu. Kowa ya yarda. Aka ce kafin ƙarshen wata.

Kwana biyu bayan haka na tsaya wurin Malam Garba mai shayi, wanda teburinsa ke tsakanin masallacin da majami'armu. Abokin Kawu ne na gaske, kullum suna tsokanar juna. Yana zuba mini shayi, bai ko ɗago ba, ya ce, "Iliya, ni ko in tambaye ka. Kun bar addu'a na?"

Na ce, "Haba Baba Garba! Ba ka ji mu ran sabuwar shekara ba?"

Ya ce, "Awo, na ji ku, har Ƙwanni an ji ku. Wannan ai biki na. Ni addu'a nika tambaya. Da, in Ishaya yab buga ƙarfe, na san ɗiyan Annabi Isa sun tashi, sai in ɗora ruwa na biyu. Shekara nawa yanzu ban ji ba? Na ce ko Allahn naku ya ba ku hutu."

Mutanen da ke kan benci suka yi dariya, ni ma na yi. Amma shayin nan bai wuce mini ba.

Na koma gida ina ta tunanin abin da Kawu zai ce da ya ga yau. Na san zai ji daɗin fiyano, don mutum ne mai son waƙa, sai ya taka rawa da ƙafarsa mai ciwo. Amma da zai karɓi wayata ya ga saƙon da nake turawa ina kwance cikin bargo, rana ta riga ta fito, ko "na gode" ban ce wa Ubangiji da bakina ba, na san kallon da zai yi mini. Akwai abin da yakan gaya wa direbobi in sun ce tayarsu lafiya lau take tunda an ba ta iska tun bara. Yakan ce ba fashewa ke kashe taya ba, sacewa ce a hankali, wadda ba a jin ƙararta. Mu muna ba ruhunmu iska sau ɗaya a shekara, da kiɗa da ihu, mu ce mun sabunta. Ni ne gaba-gaba wajen wannan. Ina koya wa mutane ɗaukaka Allah kullum, ni kuma rabona da in tashi musamman dominsa har na manta.

Washegari na tashi da asuba. Sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Na lalubo guntun ƙarfen bugun a bayan ɗakin ajiya, na nufi dogonyaro. Don ɗoki ban tsaya sauraron komai ba, na ɗaga hannu na maka. Kai, ƙarar nan! Ashe tsatsa ba ta cinye muryarsa ba. Na ƙara, na ƙara. Sai da na tsaya numfashi na ji muryar liman a bayan katanga, yana tsakiyar karatu.

Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Mutum ɗaya ce ta zo, Mama Rahila, tsohuwar shugabar zumuntar mata, tana dogara sanda, ta lulluɓa da zane biyu. Ta ce, "Ɗana, da na ji ƙarar sai da gabana ya faɗi, na ce Ishaya ne. Da na ji gaggawar kuma, na ce a'a, wannan yaran yanzu ne." Muka yi waƙa ɗaya mu biyu. Ba fiyano, ba lasifika.

Da muka fito na wuce kai tsaye wurin Baba Garba, kaina a ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Shekara da shekaru Ishaya bai taɓa shiga bakin liman ba. Kai rana guda ka shiga har da takalmi." Na ce ya taimaka ya raka ni in ba liman haƙuri. Ya ce, "Za mu tahi. Amma sha shayinka tukuna. Gobe in ka ji sallama, ka ƙirga numfashi kaɗan, sannan ka buga. Kuma a hankali, ba ɓarawo kaka kora ba."

Na roƙi kwamiti su bar ƙarfen. Fasto ya ce ba matsala, amma ƙarfen da ba a bugawa kayan gwangwan ne, ko yana rataye ko yana ƙasa. Gaskiya ya faɗa. Ba zan yi muku alkawari a jarida ba, don alkawuran Janairu na san yadda nawa suke ƙarewa.

Kawu bai bar gida ba, bai bar gona ba, hotonsa ma guda ɗaya ne a wurin mahaifiyata, shi ma ya dushe. Abin da ya bari shi ne tsayuwar nan a cikin sanyi, da haƙurin jiran maƙwabci ya gama da Allahnsa kafin kai ka fara, da dawowa gobe ko ba wanda ya zo. Yau da safe mu huɗu ne. Na tsaya gindin dogonyaro har liman ya yi sallama, sannan na buga, a hankali. Da na waiwaya, na hango Baba Garba yana ɗora ruwa na biyu.