Matar da ta ce ba a yi mata komai ba

Shekarun baya, wata ranar Talata da ƙarfe goma da kwata na safe, mu huɗu ne zaune a zauren wani gida a Gafasa: ni, da Hajiyar da ke duba aikina, da maigidan, da mijin 'yarsa. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Na riƙe lokacin daidai ne domin a watan na fara ɗaura agogo, kuma ina dubansa fiye da yadda ake bukata.

Bari in fara da abin da ya kai ni can. Ni 'yar Gaya ce. Karatuna bai wuce firamare ba, sai 'yar koyarwa da na yi a ajin yaƙi da jahilci na mata. Daga nan aka tura ni kwas a Kano, na ma'aikatan jin daɗin jama'a, ɓangaren sulhu tsakanin ma'aurata. Ba a ba mutum takardar shaida da karatun aji kaɗai. Sai ya koma ƙasarsu ya yi aiki a gaban wanda ya riga shi, an ga yadda yake zama da mutane. Ni Hajiya aka haɗa ni da ita, dattijuwa ce marar yawan magana.

A lokacin alƙali yakan turo mana wasu ƙararrakin aure kafin ya yanke hukunci. Wannan ɗaya ce daga ciki. Matar ta bar ɗakinta a Ajingi ta dawo gidan ubanta. An yi biko har an gaji, ta ƙi komawa, daga baya ta je kotu ta ce a raba auren. Alƙali ya tambaye ta laifin mijin, ta ce ba shi da laifi. Sai ya ɗaga zama, ya ce a gwada sulhu, in ta dawo masa da wannan maganar a zama na gaba zai raba su.

An koya mana aikin hawa-hawa. Da farko a ji ta bakin miji. Sannan a ji ta bakin mata, ita kaɗai. Sannan manya. A ƙarshe a haɗa miji da mata wuri ɗaya. Ni kuwa mace ce mai son abu ya bi layi, ko tukwane nake jerawa sai babba ta riga ƙarama. Saboda haka tsarin ya yi mini daɗi. Na so maigidan ya ba mu wuri in ji mijin shi kaɗai, ya ce zaurensa ne, ba inda za shi. Hajiya ta yi mini ido, na ƙyale.

Mijin manomin gyaɗa ne, dogo, mai sanyin murya. Na jero masa tambayoyina kamar yadda na haddace su.

"Ci da sha fa?"

"Rumbuna yana nan, Malama, a je a duba."

"Sutura?"

"Ko da ƙaramar salla na yi mata turmi."

"Duka? Zagi?"

"Ko kazarta ban taɓa kora da ƙarfi ba."

Maigidan ya karɓe. "Ni ma na tambaye ta, uwarta ta tambaye ta. Ta ce ba abin da ya yi mata. To ina aka taɓa barin gidan da ba a yi wa mutum komai ba? Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, ko iska ce. Shiru."

Na ce, "Akwai haihuwa tsakaninku?"

Mijin ya sunkuyar da kai. "Guda ɗaya ne. An kai shi yaye wajen tsohuwata a Balan, ƙyanda ta kama shi, Allah ya karɓi abinsa."

Na ce Allah ya ba tsohuwa haƙuri, suka amsa da amin, na wuce tambaya ta gaba. Ba wanda ya ji wani abu ya ragu a cikin addu'ar tawa, har ni. Ɗan fari ne, a hannun kakarsa yake, a wajenmu rashin na kaka ne.

Da na gama da shi, na shiga cikin gida. Hajiya ta ce ba za ta bi ni ba. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce, "In tambayoyinki sun ƙare, kada ki tashi. Ki ƙara zama."

Na sami matar a ɗakin mahaifiyarta tana ɓarar gyaɗa. Ba za ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa. Na maimaita mata tambayoyin da na yi wa mijinta, ɗaya bayan ɗaya. Kowace amsarta ɗaya ce: "Babu." Na tambaye ta ko akwai wani da take so, ta dube ni sau ɗaya, kallon da ya sa na ji kunyar kaina. Tambayoyina suka ƙare.

Na so in tashi, don a ganina na yi abin da ya kawo ni. Amma an ce in zauna, ni kuwa ba na tsallake umarni. Na jawo faifan da ke gabanta, na ɗebi gyaɗa na shiga ɓara. Mun daɗe a haka, ba abin da ake ji sai ƙarar ɓawo. Har na daina duba agogo.

Can sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malama, kina da 'ya'ya?"

"Biyu."

"Babban yana wajen wa?"

"Wajen mahaifiyata, a Gaya."

"In jikinsa ya yi zafi, ana gaya miki?"

Gaskiyar ita ce ba a gaya mini. Sai ya warke nake ji a bakin ƙannena, in yi kamar ban damu ba.

Daga nan ta fara magana, a hankali, hannunta bai daina aiki ba. Ba ta ambaci sunan yaron ba ko sau ɗaya, "na wajen Inna" take cewa, wato uwar mijinta. Ta ce da ciwon ya yi tsanani an aiko daga Balan, amma mijin aka aiko wa. Ya ɗauki kekensa ya ce mata zai je ya gaida Inna ya dawo. Ba ta san komai ba sai da aka zo tafiya da ita, an riga an yi sutura an kai shi.

"Da na isa, gida ya cika da mata. Kowa ta shigo sai ta wuce ɗakin Inna ta yi mata gaisuwa. Ni aka ba ni taɓarya, ni ce daka, ni ce ɗiban ruwa, ni ce rabon fura. Wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, yarinyar nan akwai kunya, ko ɗigon hawaye. Aka yi ta sa mini albarka."

Ta karkaɗe zanenta.

"Har aka watse, Malama, ba wanda ya ce mini ya haƙuri. Muka koma Ajingi, shi ma bai ce ba. Zai shigo ya ci tuwo, ya ce ya yi daɗi, ya kwanta. Ni kuma in na dube shi, ranar da ya hau keken nan nake gani. To me zan gaya wa alƙali? In tsaya gaban Baba da mutane in yi maganar ɗan fari? Bai yi mini komai ba. Shi ne abin."

A kwas an gargaɗe mu cewa maganar da aka yi a ɗaki ba ta fita sai da iznin mai ita. Na nemi izninta. Ta ce, "Shi kaɗai. Ban da Baba."

Na fito na gaya wa Hajiya cewa na sami dalili, amma ba ni da iznin faɗa mata. Na zaci za ta ji haushi. Sai ta ce, "To, ki yi da wanda aka ba ki izni." Muka jira har maigidan ya tafi masallaci da azahar, Hajiya ta koma gindin darbejiyar ƙofar gida, na tsayar da mijin a zaure. Na faɗa masa kamar yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba, ban rage ba.

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Malama, ni ma nawa ne na fari. A hannuna na ɗauke shi zuwa maƙabarta. Washegari na tafi gona, don kada a ce na kasa daurewa. Na ɗauka in na yi mata maganar zan kunyata ta ne. Da na hau keken nan kuwa, Inna ce ta aiko cewa kada a ɗaga wa yarinya hankali."

Na ce, "To sai ka kawo Inna."

Ya ce, "Anya za ta zo?"

Na ce, "Zaman kotu bai yi nisa ba. Ka gaya mata haka."

Kafin mu tafi na koma ciki na sake neman izni, wannan karon na a gaya wa tsohuwar. Matar ta gyaɗa kai.

Ranar Alhamis da hantsi suka iso, tsohuwar a kan jaki. 'Yar ƙaramar mace ce mai kaifin baki. Tun kafin ta zauna ta ce da ni, "Ke ce malamar bokon? Ni za a ɗauko tun daga Balan in yi wa yarinya gaisuwar mijina?" Haka kakanni ke kiran jikansu namiji. "Ni na goya shi, ni na yi jinyarsa, a cinyata ya cika."

Na ce, "Inna, ba wanda ya ce ba naki ba ne. Amma akwai wadda ta haife shi."

Ta harare ni. "Mu haka aka yi mana. Nawa na farin ma a hannun uwar mijina ya tafi, ban ga ko likkafaninsa ba. Na mutu ne?"

Hajiya, wadda ba ta ce uffan ba tun zuwanmu, ta ce, "Wa ya yi miki gaisuwa a lokacin?"

Tsohuwar ta gyara lulluɓinta. Can ta ce, "Ina yarinyar take?"

Na raka ta har ɗaki. Matar ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta zauna a bakin gado, kamar mai neman kalmar da ta daɗe ba ta yi amfani da ita ba. Sannan ta ce, "'Yar nan, ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne."

Matar ba ta ce amin ba. Ta ce, "Inna, ya neme ni?"

Ni da nake tsaye na yi fatan tsohuwar ta ce a'a. Amma ta ce, "Ya neme ki. In na ce bai neme ki ba na yi ƙarya. Ni na hana a kira ki, na ɗauka sauƙi nake yi miki."

A nan matar ta fashe da kuka, irin wanda aka daɗe ana dannewa. Tsohuwar ta jawo ta jikinta, ita ma hawaye na bin fuskarta. Na sauke labule na fito. Mahaifiyar matar tana tsaye a tsakar gida da muciya a hannu, ba ta tambaye ni komai ba.

Hawa na huɗu, wato haɗa miji da mata a gabana, ban taɓa yin sa ba a wannan ƙarar. Na yi wa Hajiya ƙorafi a mota cewa aikin bai cika ba. Ta ce, "Abin da ya rage tsakaninsu ne, ba ya bukatar ki." Ranar zaman kotu maigidan da mijin suka je tare suka shaida wa alƙali an janye. Bayan an gama cirar gyaɗa ta koma ɗakinta. Sun zauna har mutuwa ta raba su, sun haifi wasu, kuma na ji an ce da aka zo yayen mai bi wa marigayin, tsohuwar da kanta ta tare a Ajingi har aka gama. Ni kuma a ƙarshen shekarar aka ba ni takardata.

Ba zagin kunya nake yi ba. Da ita aka raine ni, har yau da furfurata ba na kiran sunan ɗana na fari, kuma ba na jin zan fara. Abin da na gane shi ne, mun iya yaba wa wanda ya daure, har mukan manta cewa daurewar tana nufin akwai ciwo. Na yi shekaru ina wannan aiki, na raba rigimar abinci da ta sutura da ta dangi, amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wannan, da ba wanda ya yi niyyar cutar kowa a cikinta.

Saboda haka ga roƙona gare ka, kai mai karatu, da ke mai karatu. In an yi rashin yaro a unguwarku, ku gaida kakanni kamar yadda aka saba. Bayan nan ku tambayi inda uwar take, ko a madafa ce, ko a gindin turmi. Ku je ku same ta, ku rage murya, ku ce mata ya haƙuri. Sannan ku nemi uban, ku faɗa masa shi ma.