Likitan da Ya Ɗauki Sunan Ubana

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, ina shago ina warware kan wani keken ɗinki, maƙwabcina mai sayar da zare ya leƙo ya ce an sanar a rediyo Likita ya rasu. Na ce wane likitan? Sai ya faɗi sunan ubana. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, da mai digiri da mai gyaran keke. Na ajiye sukundireba, na rasa abin da zan yi da hannuna.

Likita, da kai nake. Kowa ya san ban yi makaranta ba. Ɗan rubutun nan ma a hannunka na koya, a kan bencin shago, da guntayen allin da kake tsintowa a aji. Wanda ya ga karkata a ciki, malamin zai tuhuma.

Ba don in nuna na iya ba na ɗauki biro. Bayan an tashi zaman makoki, babbar 'yarka ta zo shago ta durƙusa ta ce, “Baffa, Abba ya bar mana wasiyya. Ya ce sunan da muke amsawa aro ne. Ya ce in ya mutu mu zo wurin mai shi, in ka ce mu ajiye, mu ajiye.” Ta ce asibiti na so a sa sunan a ƙofar sashen yara, ta ce musu su dakata. Matar ƙaninta ta haihu, ba a yankar wa jaririn takardar haihuwa ba, ni ake jira. Na ce ta tashi, ƙasan shagon duk baƙin mai ne. Na ce maganar da ta jawo wannan a gaban jama'a na yi ta, don haka a gaban jama'a zan ba da amsa.

Ga yadda abin yake, don waɗanda ba su sani ba. A zamaninmu makarantar garin ba ta karɓar yaro sai ubansa mazaunin gari ne. Manoma na kawo wa Baba kekunan matansu gyara, suna kukan 'ya'yansu sun rasa gurbi. Baba kuwa mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Kai Likita ɗan ɗaya daga cikin manoman nan ne, ya riƙe hannunka ya kai ka gaban hedimasta ya ce ɗansa ne. Bayanka ya yi wa wasu yara biyu haka. Ku ukun babu abin da ya haɗa ku, ko ƙauyenku ba ɗaya ba, sai ɗakin bayan shago da kuke kwana, da sunan Baba. Ni da aka haifa da sunan, ni aka bari da gwangwanin man keke. Kai kakan ce ni na gudu daga aji saboda an zane ni. Ni na ce Baba ne ya hana, don ya ga hannuna ya faɗa. Baba ya rasu, kai ma ka bi shi, saura maganata.

Allah Ya ɗaga ku. Ɗaya ya shafe shekarunsa yana kiwon sauro a keji, yana miƙa musu damtsensa su sha, har aka ce bincikensa ya rage zazzaɓi a ƙasashe da yawa. Mai Sauro nake ce masa, yana amsawa. Ɗaya ya zama Mai Tarihi, ya san abin da sarakunan da suka zama ƙasa tun tuni suka ci da safe, amma bai taɓa rubuta layi ɗaya a kan inda ya samo sunansa ba. Kai kuma ka zama likitan yara.

Zan faɗi alherinka, don ba na ɓoye gaskiya ko ta wanda nake fushi da shi ce. Na sha zama a barandar sashenka ina kallonka. Kafin ka ɗora wa yaro abin sauraren ƙirji sai ka ɗumama ƙarfen a tafin hannunka. Uwa ta zo tana kame-kame, ta ba yaro jiƙe-jiƙe har ya galabaita, ba ka taɓa daka mata tsawa ba. Sai ka ce, “Kin kyauta da kika kawo shi yau,” faɗan kuma sai yaro ya fara cin abinci. Manyan mutane sun sha aiko direba da katinsu, ka ce a gaishe su, yaron ya bi layi.

Da Baba ya kwanta ciwon ajali, kullum ka tashi aiki sai ka biyo. Kai ke yanke masa farce, kai ke aske masa kai. Amma a nan ma ina da magana. Ni ke juya shi, ni ke wanke shimfiɗarsa, in na kawo magani sai ya datse baki ya ce a jira Likita. Ka zo, ka ba shi ƙwayar nan dai da ke hannuna, ya haɗiye yana sa maka albarka. Kai ba ka ga komai a ciki ba. Ni na gani.

Ba wannan kaɗai ba. Na je karɓar kati a asibiti, na faɗi sunana, yarinyar da ke taga ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Baba, a gidan su Likita kake aiki?” Na ce a'a 'yata, su ne suka yi aiki a gidanmu, har shara. Ta yi dariya, ta ɗauka tsufa ne.

Sai ranar da jami'a ta karrama ku ukun tare. Ka aiko mini da katin kujerar gaba, mai tsaron ƙofa ya dubi takalmina ya nuna mini ta baya, kusa da masu ɗaukar hoto. Na haɗiye. Mai gabatarwa ya tashi ya ce ga 'yan gida ɗaya, tsatso ɗaya, ilimi a jininsu yake, mahaifinsu babban masani ne. Wannan ce ta ƙi haɗiyuwa. Na miƙe na ce, “Ƙarya ne! Ubana ko allon titi bai iya karantawa ba, keken ɗinki yake gyarawa. Ni kaɗai ne ɗansa a ɗakin nan. Waɗannan 'yan aro ne.” Mai Tarihi ya sunkuya yana kallon takalminsa. Mai Sauro ya fashe da dariya don a ɗauka wasa ne. Kai kuwa ka karɓi lasifika ka ce, “Abin da Yaya ya faɗa gaskiya ne.” Ka koma ka zauna.

To wannan ne babban laifinka a wurina, Likita, kuma ka tafi ban gaya maka ba. Me ya hana ka yi mini gardama? Da ka biyo ni waje ka ce, “Yaya, ba ka isa ba, ni ma ubana ne,” da mun zazzagi juna a bakin mota, kafin la'asar an wuce wurin. Tun muna yara haka muke gama faɗa. Amma ka ba ni gaskiya a gaban mutane, ka bar ni riƙe da ita shekara da shekaru, na rasa inda zan ajiye.

Bayan haka ba mu ƙara zama mun yi hira ba, amma ba ka daina zuwa ba. Lokaci-lokaci sai ga motarka, ka sauko rungume da keken matarka, wai yana tsinka zare. In duba in ga an kwance noti ɗaya da gangan, har da shatin wuƙar cin abinci a jikinsa. Mutumin da ke ɗinke hanjin jariri, ga irin ɓarnar da yake wa keke. In ɗaure, in zuba mai, kai kana zaune a benci kana kallon titi. Ka ce, “Yaya jiki?” In ce da sauƙi. Shi ke nan. Da jikata ta kamu da sanƙarau, ban kira ka ba, wallahi ban kira ba. Tsakar rana sai ga ka da farar rigar aiki, ka saɓe ta a kafaɗa ka fita, ko kallona ba ka yi ba. Yau tana da 'ya'ya biyu.

Zuwanka na ƙarshe na ga wuyan rigarka ya yi maka yawa. Na ce a raina aiki ne. Ashe kowa ya san ciwon da ke cinka, da matarka, da 'ya'yanka, har direba, ban da ni. Ka daɗe a bencin nan fiye da kullum, ka buɗe baki kamar za ka yi magana, sai wata mata ta shigo da keke a ka. Kafin in sallame ta ka tashi. Da ka ce mini, “Yaya, tafiya ta zo,” da na kori matar na rufe shago. Kai likita ne, ka san lokacin da ya rage maka. Ni ina zan sani?

Yanzu ga amsa, 'yata, ke da ƙannenki.

Ban janye ko kalma ɗaya ba. Aro ne, kuma Baba gyaran keke yake yi. Amma tun da kika fita daga shagon nake juya abin, sai na ga wani abu da ban taɓa kula da shi ba. 'Ya'yan da na haifa sunana suke amsawa, jikokina kuma sunayen iyayensu, haka muka saba. Ku 'yan boko ne kuke kama suna ɗaya ku riƙe har jikoki. Ashe duk cikin waɗanda suka fito daga tsatson Baba, ni kaɗai na rage da ake kira da sunansa, ni kuwa ga ni nan, gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo. Ran da aka kai ni, in kun ajiye sunan, babu bakin da zai ƙara furta shi.

Kuma ba ni na ba ubanku ba, balle in karɓe. Wanda ya bayar ya tafi bai ce a maido ba.

Don haka a yankar wa jaririn takardarsa. Asibiti su kira mai fenti. Sai dai ba a ɗaukar sunan gida a bar wahalar gida. Rufin ɗakin bayan shago yana yoyo, da ku a ciki. In rigima ta tashi tsakanin 'ya'yana, ke za a kira, ke ce babba a masu sunan. Kuma ki zo ranar da ba ki da aiki, ki zo da ƙannenki, in ba ku labarin kakanku na jini. Na gan shi ran da ya kawo ubanku, dogo ne mai tabo a goshi, ya tuɓe takalmi a ƙofar shago kamar zai shiga masallaci, ya tsaya a tsallaken titi har rana ta yi tsaka bai iya tafiya ba. Na san sunansa da na ƙauyensa, kuma ban ga wanda ya rage da ya sani ba sai ni. Shi ma yana da hakki a kanku. Kada ku yi nawa.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa kamar yadda ya sanyaya zukatan iyaye mata. Yaran da suka tashi a hannunsa Ka sa su zama shaida a gare shi. Ka haɗa shi da iyayensa biyu, wanda ya haifa da wanda ya riƙa, a gidan Aljanna. Mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa, Allah Ya ba ta haƙuri da juriya, da 'ya'yansa da jikokinsa, da ma'aikatan sashen yara. Haka kuma ga Mai Sauro da Mai Tarihi, waɗanda ba su aiko kowa ya tambaye ni komai ba, amma su ma su riƙe.

Masu biyowa shago suna yi mini gaisuwa, waɗanda na ce wa sun yi ɓatan kai su tafi gidan mamaci, ku dawo, zan karɓa. Allah Ya jiƙan ƙanina.