Namijin Goron Baba Sale

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin mikrobas zan tafi kasuwar Ataba aka bugo min, wai Baba Sale ya rasu. Wallahi har na zarce inda zan sauka.

Baba Sale kuku, na unguwar Zamalek. Duk ɗan ƙasarmu da tari ya taɓa kamawa a sanyin Alƙahira ya san shi. Zai zaro namijin goro daga aljihu ya ce, "Tauna, ɗacin ne maganin."

Lokacin dokar hana fita da kasuwa ta tsaya, tuwonsa ne ya riƙe ni.

A Shagamu ya tashi. In ya fara labarin bishiyar namijin goro ba ya gajiya. Wai a kurmi take, inda ƙasa ba ta bushewa, doguwa, kore shar rani da damina. 'Ya'yanta kamar lemu, ƙwayar na ciki, reshen kuma a yi asuwaki.

Shi ne ya rantse sai ya tsirar da ita a Masar, ƙasar da ruwan sama sai a labari! Ya binne ƙwaya a tukunya bayan kicin. Wata da watanni, shiru.

Ni kuwa kun san hali. Na faki idonsa na cusa ƙwayar ful, waken Masar, a tukunyar. Da ya tsiro na ruga ina ihu, "Baba, mabruk, barka da arziki!"

Ya dubi tsiron, ya dube ni. "Ja'iri, namijin goro ba ya gaggawa. Wannan mai rawar kan ɗan'uwanka ne." Bai cire shi ba, har sunana ya sa masa, Habu.

Can daga baya na gaskiyar ya leƙo. Ranar Baba har rawa ya taka.

Juma'ar nan ya kira ni, wai zai kwanta asibiti a duba ƙirjinsa. Ya miƙo min tukunyar. "Kar rana ta gan shi. Ka riƙa fesa wa ganyen ruwa. Kuma Habu, ban da wasa."

Na ce, "Mai maganin tari, yau kai ne a asibiti?" Ya yi dariya har ya sarƙe.

Ashe khalas, rabuwar ke nan.

Ga tukunyar nan a ɗakina a Giza. Ganye ɗaya ya fara rawaya. Ɗazu na ɗauko waya zan tambaye shi, sai na tuna.

Allah ya jiƙan Baba Sale, ya sa shi a inuwar da ba ta gushewa. Don Allah ku sa shi a addu'a. Ku roƙa min ni ma, kar tsiron nan ya mutu a hannuna. Ban taɓa riƙe abu da gaske ba sai wannan.