Abin da Ya Rubuta a Bayan Takarda

Lokacin da nake digiri na biyu a jami'a a Samaru, bincikena a kan yadda ƙananan ma'aikata ke shakkar faɗa wa na sama da su gaskiya ne. A aji kuwa bakina ba ya mutuwa. Na haddace abin da masana suka ce a kan shugaba da na ƙasa da shi, har abokan karatuna suna tsokanata wai ranar da aka ba ni ofis, masinja ma sai ya samu kujera a taro.

Wani kamfanin buga takardu a Sabon Gari na zaɓa, don manajan wurin aminin mahaifina ne, tun ina goye ya san ni. Ranar da na je ya tara ma'aikata, ya ce, “Wannan 'yata ce, ku ba ta abin da take so.” Na raba musu takardun tambayoyi, na yi musu bayani da murya irin ta masu ilimi cewa ba a sa suna, kuma ni kaɗai zan karɓa in karanta.

Akwai wani dattijo daga unguwar Jushi da ke kan injin yankan takarda, ya fi shekara ashirin a wurin. Sai da kowa ya watse ya matso.

“Malama, da gaske ba wanda zai gani?”

“Ba wanda zai gani, Baba. Na yi maka alkawari.”

“To layukan nan sun yi mani kaɗan. A baya zan rubuta nawa, da Hausa.”

Daɗi ya kama ni. Irin wannan nake nema.

Bayan kwana uku na koma karɓa. Na fara shiga ofishin manaja don gaisuwa, yadda ya kamata, na durƙusa. Ya ce, “'Yata, ai ba sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya kina shaƙar tawada ba. Na sa a tattaro mani, gobe ki zo ki ɗauka.”

Na san abin da ya kamata in ce. Yana nan a babi na uku na kundin bincikena, da hannuna na rubuta shi. Amma mutumin da ya halarci sunana ne yake yi mani alheri, yaya zan dube shi in ce ban yarda da shi ba? Na sunkuyar da kai na ce, “Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma.”

Washegari ya miƙo mani su cikin ambulan. A cikin motar Samaru na buɗe ina juya su ɗaya bayan ɗaya. Babu mai rubutu a baya ko ɗaya, kuma da na ƙirga, guda ta yi ƙafa. Sauran duk sun ce shugabansu yana sauraron kowa. Na gane ta dattijon ce babu, amma ban sauka na koma ba. Na ce wa kaina wataƙila dattijon ya fasa ne. Da wannan na lallashi zuciyata har na gama rubutu, malamin da ke duba aikina ma ya yaba da tsarinsa.

Wata takwas bayan haka na ɗauki kundin zuwa shagunan da ke ɗinke wa ɗalibai littafi a Samaru, a sa masa bango. Na shiga wata 'yar rumfa mai benci ɗaya, sai ga dattijon a zaune da allura da kwanon gam. Da zan iya juyawa da na juya, amma ya riga ya gan ni, har yana share mani benci.

Muka gaisa. Na tambaye shi, kamar ban sani ba, me ya raba shi da kamfani.

“An ce injin ya fi ƙarfin tsufana,” in ji shi. “Sati biyu bayan zuwanki. Ai manaja ya san rubutuna, Malama, shekara nawa ina sa masa hannu.”

Bai ɗaga murya ba, bai kuma tuna mani alkawarin da na yi ba. Na so ya zage ni, da ya fi mani sauƙi. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona sai kan yatsunsa, duk gam ya bushe a kansu.

Ya karɓi kundin, ya daidaita gefensa a kan tebur, ya riƙa buɗe shafukan a hankali duk da Turancin ya fi ƙarfinsa. Can ya ɗago.

“Abin da na rubuta, ya shiga ciki?”

Ban taɓa ganin takardar ba. Har yau ban san abin da ya rubuta ba. Na ce, “Ya shiga, Baba.”

Fuskarsa ta washe. “To alhamdu lillahi,” ya ce, “ashe ba a banza ba.” Ya zare zare ya fara ɗinki, ya ce in dawo jibi, zai yi mani aiki mai kyau.