Ranar da Muka Ƙaddamar da Dutse

Duk shekarun da na yi ina injiniya a kamfanin wayar salula, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ta ƙaddamar da ƙarfen sabis a wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya. Ku da kuka zo yanzu, kuke gyaran na'ura daga kan kujera a ofis, ku ji yadda muka yi aiki lokacin da waya take sabon shiga karkara.

Ina ƙaramin injiniya a lokacin. A samana akwai manajan shiyya, Alhaji Bala, yana zaune a Kano. A samansa kuma akwai darakta a Legas, wanda ba mu taɓa gani ba sai a kalanda. Tsarin aikin shi ne a kafa ƙarfe, a girka janareta, sannan a ɗaura wani faranti can sama wanda zai haɗa sabon ƙarfen da na Rano. In babu farantin nan, ƙarfen bai fi giginya amfani ba.

Mun gama komai, faranti bai iso ba. Ana saura kwana biyu biki na kira sito a Legas. Mai kula da kaya ya ce tuni ya aika. Da na matsa masa, ya yi mini bayani: ya ga an rubuta Kibiya, ya ɗauka kuskure ne, ya gyara mana, ya loda kayan zuwa Kebbi.

Na je Kano na roƙi Alhaji Bala a ɗaga bikin. Ko kallona bai yi ba.

"Injiniya, an sayi sa, an ɗinka anko. Jibi darakta zai danna waya, kuma za ta shiga. Yadda za ta shiga, kai aka koya wa a jami'a. In ta ƙi, ka aiko mini da makullin mota, ba sai ka zo ba."

Sati uku ke nan da matata ta haihu. Na koma ƙauyen na zauna a gindin ƙarfen, na rafka tagumi. Nan Malam Hadi ya same ni, wani dattijo manomin tumatir da gonarsa take maƙwabtaka da filinmu. Da ya ji damuwata sai ya yi dariya.

"Yo wannan ne? Ai sai ku hau dutse."

Ashe a bayan gari akwai wani falalen dutse da sabis ɗin Rano yake ɗan leƙowa. Nan ya daɗe yana hawa ya ji kuɗin kwandon tumatir a Kano kafin ya tsinka. Wurin bai fi faɗin tabarma ba, kuma sai ka fuskanci yamma. Na auna da na'urata, na ga maganar Malam gaskiya ce. Na gaya wa Alhaji Bala a kafa rumfar biki a kan dutsen, don hoto ya ɗauko ƙarfen gaba ɗaya. Ya ce yanzu na fara tunani irin na manya.

Ranar biki darakta ya hau dutse da kwat da laktaya, yana haki. Ya yi jawabi da Turanci, ya yanka ƙyalle, ni kuma na tayar da janareta don a ji ƙara. Ya tsaya daidai inda na kafa masa teburi, ya danna lambar Legas. Ta shiga. Mata suka rangaɗa guɗa.

Sai dai na manta cewa babban mutum ba ya waya a tsaye wuri ɗaya. Ya fara takawa. Na yi wuf na tare shi ta dama da laima, Malam Hadi ya tare ta hagu da kwandon tumatir, wai tsaraba. Haka muka killace shi har ya gama.

Daga nan darakta ya ce yana so ya ji daga bakin talaka. Aka miƙa wa Malam Hadi lasifika.

"Ranka ya daɗe, mun gode Allah, mun gode muku. Da a rana muke waya a kan dutsen nan. Yau ga shi kun kawo mana rumfa."

Jama'a suka tuntsire da dariya. Alhaji Bala ya fassara wa darakta cewa dattijon ya ce kamfani ya fitar da su daga duhu. Darakta ya goge ido da hankici. Washegari masu haya suka zo suka kwashe rumfarsu.

Bayan sati ɗaya takardar yabo ta zo mini daga Legas, wai na kammala aiki a kan lokaci. Amma ni ko kasuwar Kibiya na kasa shiga. Mutane sun sayi layi a wurin biki, kuma duk wanda ya hange ni sai ya ɗaga mini wayarsa in ga babu sabis. Na ɗauki motar kamfani ba tare da izini ba, na tafi Birnin Kebbi. Na tarar da farantin a bayan sito, mai gadi yana shanya kuɓewa a kan akwatinsa. Na kawo shi, muka hau ni da abokan aikina biyu, muka ɗaura, muka saita shi da Rano.

Ina can sama wayata ta yi ƙara. Malam Hadi ne, yana tsaye a tsakiyar gonarsa, ya ɗaga kai yana kallona.

"Injiniya, kana ji na?"

Na ce, "Malam, har ganin ka ina yi."

Da na koma Kano na tarar da takardar tuhuma a kan teburina. Laifi biyu: fita da mota daga shiyya, da taɓa na'urar da darakta ya shaida da kansa cewa lafiyarta ƙalau. Na amsa laifina a rubuce, aka yi mini gargaɗi.

Duk da haka ina kewar shekarun nan, har da Alhaji Bala, Allah ya ji ƙansa. Abin da na koya shi ne, a aikinmu ofis daban, fili daban. Ofis zai iya yaba maka a kan abin da ba ka yi ba, ya tuhume ka a kan wanda ka yi. Don haka in kun gama aiki, kada ku jira takarda daga sama. Ku nemi mutumin da yake zaune a wurin, ku tambaye shi ko wayarsa tana shiga daga cikin ɗakinsa.